Maigidana ya ajiye maganin asibiti saboda garin da yayarsa ke sayarwa

Assalamu alaikum Anti. Daga Garwa ta Kamaru nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Shekararmu goma sha bakwai da aure, 'ya'yanmu biyar. Maigidana yana da shago a babbar kasuwa. Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce yana da ciwon suga da hawan jini, yana shan maganinsa kuma muna zaune lafiya. Bayan ƙaramar salla sai yayarsa ta shiga wani kamfani mai kawo gari iri-iri da ƙwayoyi daga waje, wai su sufafud, abincin da ya fi kowane abinci. Akwai koren gari da suke kira sifirulina, da wani baƙin iri ƙanana kamar riɗi wai shi ciya, da ƙwayoyin zogale a cikin roba mai kyau. Sefa 35,000 yake ba ta duk wata. Yau wata biyu ke nan da ya ajiye maganin asibiti, don Yaya ta ce shi ke lalata ƙoda. Kuɗin cefane ya ragu, kifi ya koma sai Juma'a. Yanzu sau huɗu ko biyar yake tashi fitsari da dare, ba ya gajiya da shan ruwa, wandunansa sun yi masa yawa. Yaya ta ce dattin ciwon ne ke fita. Ranar da haƙurina ya ƙare na ce wannan damfara ce, kuma a gaban Inna, mahaifiyarsu, na faɗa. Yaya ta fashe da kuka, wai ina baƙin ciki da neman halalinta, ba na son ƙaninta ya warke. Inna tun daga ranar da ƙyar take amsa gaisuwata, shi kuma ya ce kada in sake sa baki. Anti, da gaske waɗannan abubuwa suna warkar da suga? Kuma yaya zan yi in cece shi ba tare da na raba shi da 'yar'uwarsa ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin in taɓa maganar Yaya da Inna bari mu fara da abin da ba ya jira. Yawan fitsarin dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, da ramar da kika gani a ƙugun wandonsa, ba datti ba ne ke fita. Alamun suga ne da ya hau. In suga ya yi yawa a jini, ƙoda takan riƙa zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya janyo ruwan jiki ya tafi da shi, shi ya sa mutum ke sha ba ya ƙoshi. Abincin da ya ci kuma ba ya shiga inda ya kamata, sai jiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa, mutum ya rame yana ci. Hawan jini shi ko sallama ba ya yi. Mutum yana zaune a shago yana ba da canji, sai ɓarin jiki ya mutu. Abin da ke lalata ƙodar mai suga kuwa, mafi yawanci sugan ne kansa da hawan jinin da aka bari ba kulawa. Don haka hankalinki da ya tashi ya tashi a kan gaskiya, kuma cikin makon nan ya kamata a auna shi, kada a kai wata mai zuwa. In kuwa kika ga ya fara amai, ko magagi da barcin da ba na lafiya ba, ko numfashi da sauri, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, to babu sauran neman izinin kowa. Ki kira ƙaninsa ko maƙwabci a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Yanzu tambayarki ta farko. Abubuwan da Yaya ke sayarwa ba guba ba ne in dai na gaske ne kuma masu tsabta. Abinci ne, wasunsu ma abinci mai kyau. Sai dai sunan nan sufafud 'yan talla ne suka raɗa shi, babu wani ma'auni a wurin likitoci da ake auna abinci a ba shi wannan sarauta. A ƙasashen Tarayyar Turai tun 2007 doka ta hana a liƙa wa kaya wannan suna sai in akwai wata fa'ida ta lafiya da hukuma ta tantance ta amince da ita. Can inda aka fi yayin abin ke nan. Kuma babu ko ɗaya a cikin kayan nan da aka tabbatar yana warkar da ciwon suga ko yana maye gurbin maganinsa.

Abin da yakan ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi, shi ne asalin kayan. Ɗauki koren garin nan. Sifirulina wani irin gansakuka ne da ke tsirowa a tafkunan kanwa, kuma nan kusa da ku, a yankin Kanem da gefen tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasarsa. Su ɗebo da ƙwarya, su zuba a ɗan ramin da suka yi a yashi, ruwan ya tsotse, rana ta busar, su yayyanka shi gutsi-gutsi su kai kasuwa. Dihe suke ce masa, miya suke yi da shi a ci da tuwon gero. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi ana sayarwa a kasuwar Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, daga nan Turawa suka mai da hankali a kansa. Gaskiya ne wajen kashi 60 cikin ɗari na busasshensa furotin ne, abincin gina jiki, kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Amma cokali ɗaya ake sha a rana. Furotin ɗin da ke cikin ƙaramin cokalin nan bai kai na ƙwai ɗaya ba, balle na kifin da aka cire daga miyar 'ya'yanki don a saye shi.

Zogale kuwa sai in ce ina ruwan biri da gada. A Garwa, inda gida da yawa bishiyar na jingine da katanga, a sayar wa mutum da shi a ƙwaya? Ganye ne mai albarka, babu musu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyensa furotin ne, ga sinadarin ƙarfe, ga na ƙarfafa ƙashi, ga bitamin A mai taimakon ido. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna yana iya ɗan sassauta hawan suga bayan cin abinci, kaɗan ne kuma, bai kai a jingina rai da shi ba. Ƙwaya ɗaya takan ɗauki abin da bai wuce rabin giram na gari ba. Ki dubi kwanon kwaɗon zogalen da kike yi, da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da ɗan mai, ki ƙiyasta ƙwaya nawa za a ɓare kafin a cika shi. Ciya ita ce baƙuwa ta gaske, daga Meziko ta fito. Tana da dusa mai yawa da ke rage saurin shigar suga jini, da wani mai da ke da amfani ga zuciya. To dusar nan tana cikin wake da kuɓewa da gero da ba a surfe shi ƙal ba, man kuma mafi kyawunsa yana cikin kifi, ga tafkin Lagdo kusa da ku.

Ki sani kuma hanyar ba ɗaya ba ce. Yadda ake kawo muku na Meziko a roba, haka ake kwasar naku a kai can a sa masa tsada. Garin 'ya'yan kuka, wanda muke dama kwalba da nono da shi, a 2008 Turai ta ba da izinin sayar da shi a ƙasashenta, ana kuma son sa saboda yawan bitamin C da dusar da ke cikinsa. Acha ta samu nata izinin a 2018. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Zoɓo, da kuke ce wa folere, yana cikin 'yan kaɗan da aka gwada sau da yawa aka ga yana ɗan sauke hawan jini, amma fa in an sha shi ba sukari, kuma mai shan maganin hawan jini ya gaya wa likitansa kafin ya mai da shi abin sha na kullum. Wannan jan ruwan mai zaƙi da ake ɗaurawa a leda a sa a ƙanƙara, ga maigidanki cuta ne. Haka zuma da dabino, duk albarkarsu, zaƙi ne, kuma mai suga da lissafi yake cin su.

To mu dawo gida. Na fi tausaya wa maigidanki fiye da yadda nake jin haushinsa. Namiji da ya saba shi ke riƙe da gida, a ce masa zai sha ƙwaya safe da yamma har ƙarshen ransa, a hana shi shayinsa mai zaƙi da tuwonsa malmala uku, abin yana cin rai ko bai faɗa ba. Sai ga 'yar'uwarsa ciki ɗaya, wadda wataƙila ita ta goya shi, ta zo masa da albishir cewa wata shida ya rabu da ciwon. Wa zai ƙi? Akwai kuma yiwuwar maganin asibitin yana damunsa ta wata hanya da bai gaya miki ba. Wani maganin suga yana ɓata ciki, wani na hawan jini yana sa tari ko jiri ko kumburin ƙafa, wani kuma yana kawo raunin da maza ba sa son ambata ko a gaban likita. Ki tambaye shi a hankali. In haka ne, likita na iya canja masa wani, magungunan ba iri ɗaya ba ne. Kuma ya sani sugan da aka bari ya yi ta hawa shi kansa yana kawo wannan raunin, ya fi ma maganin kawo shi.

Yaya kuma, ba na jin ta zauna ta ƙulla cutar ƙaninta. Irin waɗannan kamfanoni yadda suke tafiya, kai za ka fara sayen kayan da kuɗinka, sai ka sayar ka kuma jawo wasu su shiga ƙarƙashinka kafin ka ga riba. Sau da yawa mace ta kwashe adashinta ko ta sayar da 'yan kunnenta ta zuba, kaya na jibge a ɗaki, na sama da ita na matsa mata a waya. Wa za ta fara tallata wa in ba dangi ba? An kuma tara su an koya musu abin da za su faɗa, har da amsar da za su bayar in mai saye ya ce jikinsa ya rikice, kuma ita kanta ta yarda da abin da aka koya mata. Kukan da ta yi ranar nan, ina zaton rabinsa na jin kunya ne, rabinsa na tsoron kuɗinta. Wannan bai wanke ta daga laifin cewa majinyaci ya bar maganinsa ba, laifi ne babba. Amma in kin gane inda ƙayar ta soke ta, za ki san ta inda za ki cire.

Ke ma ƙanwata akwai naki, kuma na san kin sani. Abin da kika faɗa yana da tushe, wurin faɗarsa ne bai dace ba. Kin kira 'yar mutum 'yar damfara a gaban uwar da ta haife ta. Daga wannan lokacin maganar ta tashi daga kan lafiyar maigida ta koma wa za a bi, matar gida ko 'yar gida, kuma a irin wannan shari'a surukuwa ba ta cika ba matar ɗa gaskiya ba. Ki shirya ki je gidan Inna da ɗan abin hannu, ki durƙusa ki ce, "Inna, na yi kuskure da na ɗaga murya a gabanki, tsoro ne ya sa ni, ki yafe mini." Kada ki janye maganar ciwon, lafazin kawai za ki nemi gafara a kansa. Sannan ki gaya mata abin da idonki ke gani da dare, sau nawa yake tashi, yadda ya rame. Ita ba ta kwana ɗaki ɗaya da shi, babbar riga kuma tana ɓoye rama. Uwa in ta ji ɗanta na zubewa, ba ruwanta da kamfani.

Shi kuma kada ki tare shi ya dawo daga kasuwa cikin zafin Garwa, ko a gaban yara. Ki bari ya ci ya huta, bayan isha. Kada ki ce garin Yaya ƙarya ne, wannan ƙofar kin riga kin gwada ta. Ki ce masa, "Abban yara, wata biyu ke nan kana shan kayan nan. Mu je a auna, in suga ya sauka ni da kaina zan je in ba Yaya haƙuri a gaban kowa." Gani ya kori ji. Awon suga na yatsa minti kaɗan ne, ana yi a asibiti da cibiyoyin lafiya na unguwa da wasu kantunan magani, da safe kafin a karya. A takardunku da giram a lita ake rubutawa. Mai lafiya da bai karya ba yakan kasance tsakanin 0.70 da 1.10, daga 1.26 zuwa sama kuma ma'aunin ciwon suga ne. Akwai wani awon da ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku da suka wuce, wanda ba a yi masa dabara da azumin kwana ɗaya, ki roƙi likita ya rubuta shi, da na ƙoda. Jini kuma in ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, ya hau. Ku tafi da tsohuwar takardar asibitinsa da robobin Yaya gaba ɗaya a leda, likita ya karanta abin da ke jikinsu. Kada ki ɗauko ragowar tsohon maganin ki ce ya ci gaba daga inda ya tsaya, bayan wata biyu likita ne zai faɗi abin da ya dace da jikinsa yanzu.

In ya ƙi jin taki, kada ki tsaya ja-in-ja. Kowane namiji yana da wanda yake jin nauyi, ko kawunsa, ko amininsa na kasuwa, ko limamin masallacinsu. Ki zaɓi mai riƙe sirri, ki aika masa ta hannun matarsa in zuwa da kanki zai jawo magana. Abu ɗaya za ki roƙa, ya raka shi awo. Kada ki haɗa da ƙarar Yaya ko ta kuɗin cefane, in kika haɗa sai a ce kishin dangin miji ne. In kuma akwai ma'aikacin jinya a unguwarku da kuke mutunci, ya leƙo gaisuwa da na'urarsa a jaka, maza da yawa da ba za su taka asibiti ba sukan miƙa yatsa a zaurensu.

Idan sakamako ya fito, na kusan tabbata zai tsorata shi, to a nan ne za ki riƙe bakinki. Ban da "ai na faɗa". Ki bar masa hanyar da zai janye daga wurin yayarsa ba tare da ya tozarta ta ba. Zai iya ce mata likita ya ce dole a koma magani, kuma aljihu ba zai ɗauki biyun ba. In likita ya duba ya ce ɗaya daga cikin kayan ba zai yi karo da maganin ba, kuma shi yana son ya ci gaba da saye don zumunci, ya ɗauki mafi araha, ki kau da kai. Ko kuma, wanda ni na fi so, ya riƙa ba ta wani abu duk wata a matsayin kyautar ƙani ga yaya, ba ciniki. Dubu biyar da aka ba ta a hannu wataƙila ta fi ribar da take samu a cikin dubu talatin da biyar ɗin nan, tunda mafi yawansa na kamfani ne. In zumuncinku ya gyaru nan gaba, kina iya nuna mata cewa mai bakin talla irin nata, da za ta shanya zogale a inuwa ta daka ta tankaɗe ta ƙulla da tsabta, ko garin kuka da na zoɓo, jarinta kaɗan ne kuma ribar duka tata ce. Amma wannan sai ƙura ta lafa.

Madafa kuwa taki ce, babu mai hana ki. Ki rage girman malmalarsa ki yawaita miya, ganye ya fi tuwo yawa a kwanonsa: zogale, tafasa, yakuwa, rama, lalo, kuɓewa, duk wanda kasuwa ta kawo da araha. Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 na ganye da 'ya'yan itace take so babba ya ci a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙule, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa da busasshen kifi da albasa za su rufe miki gurbin ɗunƙule biyu cikin uku ba wanda ya lura. Kanwa ma ki sassauta mata, danginsu ɗaya da gishiri wajen hawan jini, kuma tana kashe wasu bitamin na ganye. Tuwon dawa ko gero ko masakwa ya fi masa farar shinkafa da burodi, amma shi ma da awo, kunu da fura kuma suna saurin ɗaga suga tunda an niƙa su sun yi laushi. Wake sau uku ko huɗu a mako. Shayi ba sukari, kuma a ba shi tazara da abinci don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke ganye, ɗan lemon tsami a kwaɗo kuma yana taimaka masa. Ki dafa wa gida duka iri ɗaya, kada a ware masa kwanon majinyaci yana kallon yara na cin mai daɗi, wannan ke sa maza su je kasuwa su rama da tsire da lemon kwalba.

Maganar kuɗin cefane ki ajiye ta sai ya koma magani. Ranar da za ki tayar da ita, ki zo da lissafi a takarda, kifi kaza, wake mudu kaza, ƙwan yara kaza, ɗan kasuwa ya fi jin lamba.

Abu na ƙarshe, kuma daren yau nake so ki yi shi. In ya kwanta, ki ɗauki man shafawa ki ce za ki matsa masa ƙafa. Ki haska fitila ki duba tafin da tsakanin yatsu da dunduniya. Suga yana kashe jin zafi a ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko takalmi ya ci shi bai sani ba, gyambo ya kama. In kin ga rauni, ko kumburi, ko wurin da ya canja launi, to awon nan gobe da safe ne. Ki sake rubuto mini da lambar da na'ura ta nuna da abin da likita ya ce, ina jira. Allah ya ba shi lafiya, ya daidaita tsakaninki da Inna.